Kwanon Falon Baffa

Nassarawa GRA, Kano
20 ga Yuli

Yaya Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Gembu da shanun Fulani? Mu nan lafiya lau, sai haƙurin rashi. Ƙafafun Hajiya sun ɗan kumbura saboda zaman takaba, amma da sauƙi.

Ni ce Muhibba, autar Baffa Alƙali, wadda ka bari tana aji huɗu na firamare, mai ɓoye maka takalmi in za ka tafi jami'a. Yanzu ina aure a Badawa da 'ya'ya biyu, sai dai tun rasuwar na dawo gida ina taya Hajiya zama. Yayarka Rabi ta zo gaisuwa daga Ringim, ita ta ce ta sanar da kai, ita kuma ta haɗa ni da Malam Lawan direban Jalingo da zai miƙa maka wannan takarda. Na guji waya da gangan. A danginmu duk abin da ya shiga waya, kafin la'asar ya zaga kowa.

Baffa ya cika ranar Talata da azahar. Yaya Nabil ya fita ɗauko likita, Hajiya ta shiga alwala, ni kaɗai ce a ɗakin. Da na ga numfashinsa ya canza sai na matsa kusa da kunnensa ina laƙana masa kalmar shahada a hankali, kamar yadda aka koya mana. Ya buɗe ido ya dube ni, ya yi magana sarai, babu gargada. Amma ba ita ya faɗa ba. Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Hajiya ta shigo fuskarta jiƙe da ruwan alwala, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ya yi?" Na ce, "Ya yi." Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Kafin a fita da shi Yaya Nabil ya gaya wa liman, liman ya faɗa wa jama'a, yanzu duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce Alƙali ya yi kyakkyawan ƙarshe, sai a nuna ni a ce ga shaida nan.

Yaya, kai ne ka shiga tsakaninsa da kalmar nan. Hannuna ya ƙi rubuta sauran.

A gida ana cewa ka daɗe da barin salla. Ana kuma cewa ba a taɓa kama ka da ƙarya ba. Ni kuwa ga ni da salla biyar da azumin Litinin da Alhamis, na shirga ƙarya a kan gawar ubana tun kafin ta yi sanyi. Ba ni da wanda zan tambaya sai kai. Me zan yi?

Ƙanwarka,
Muhibba

Nassarawa GRA, Kano
26 ga Agusta

Yaya Ƙasimu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Hajiya ta samu sauƙin ƙafa, ƙaramin ɗana ya yi zazzaɓi ya warke.

Sati biyar ke nan. Malam Lawan ya rantse mini ya ba yaron motar Gembu takardar hannu da hannu. In ka yanke mu ne gaba ɗaya, ai ko layi ɗaya ka rubuto ka ce in daina damun ka.

Abin nan ya ƙi kwanciya. Kullum in Hajiya ta idar da azahar sai ta kira ni ta ce, "Zauna, sake gaya mini yadda ya faɗe ta." Ni kuma in sake. Ran nan ta tambaya ko ya ɗaga yatsa, na ce ya ɗaga. Jiya ta tambaya ko ya yi murmushi, na ce ya yi. Kullum sai na ƙara wani abu, kullum fuskarta na ƙara haske. Yanzu ba na iya wucewa ta ƙofar ɗakinsa da rana. Da zarar an kira azahar, Asabe mai girki ta fara jera kwanuka, sai in ji muryarsa a kunnena kamar yana bayana. Na sha juyawa.

Ko dai gaskiyarsu ne masu cewa wanda ya bar Allah ba ya jin zafin kowa? Ka yi haƙuri, raina ne a ɓace.

Muhibba

Gembu
2 ga Satumba

Muhibba,

Na amsa sallamarki. Ina lafiya, ina fatan Hajiya da yara suna lafiya. Ki yi mata gaisuwar rashi, in sunana ba zai ɓata mata rai ba.

Takardarki ta farko ta same ni jiya, tare da ta biyu. Ina can rugage muna rigakafin shanu, ruwa ya cinye hanya, wata guda ban shigo gari ba. Na karanta su a tsaye a ƙofar ofis, sai da na nemi kujera.

Kin ce ni na shiga tsakanin Baffa da kalmar shahada. To na ji. Shekara goma sha tara ina jiran in ji da me zai ƙare da ni, ashe da tsinuwa ya cika. Ba sai kin rubuta ba, na san irin kalmomin. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa kika nemo ni har saman dutsen nan don ki ɗora mini wutar da kuke tsoron ya shiga.

Kina yarinya a lokacin, bari in gaya miki abin da ya faru, don na san a gida an ce zagin addini na yi. Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Kin san yadda Baffa ke tara baƙi a falonsa, a shimfiɗa leda, a kawo babban tire, duk maza mu sa hannu tare. Ni da aka ɗauko daga ƙauye don karatu, jikan ɗan'uwan kakanku, bai taɓa ware ni ba, kusa da shi ma nake zama. Wani baƙo ya ce duk wanda ba ya tsoron wuta ba a ba shi amanar ko allura. Ni kuma ina shekara ashirin, kaina cike da littattafai, na ce, "Baffa, da a ce babu wuta babu aljanna, za ka karɓi cin hanci?"

Wallahi, in har kin yarda da rantsuwata, yabo na nufa. Na taɓa ganin Baffa ya sa an mayar da rago har gidan wanda ya kawo shi, saboda mutumin yana da shari'a a gabansa. Na ɗauka zai ce a'a, baƙon ya ji kunya. Baffa bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Cire hannunka daga tiren nan." Lomar tana hannuna. Na rasa inda zan ajiye ta, na fita da ita har famfon bakin get, a nan na wanke hannu. Da yamma aka miƙo mini jakata.

Ban bar salla a ranar ba, sai bayan shekaru. Amma a ranar na koyi cewa a gidan da ya fi kowane gida ilimi, akwai tambayar da ke raba mutum da abinci. Kina tambayata me za ki yi. Ni da aka kora saboda tambaya, wace amsa gare ni?

Ƙasimu

Nassarawa GRA, Kano
14 ga Satumba

Yaya Ƙasimu,

Sallama. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Na ji daɗi da ka fito daga daji lafiya.

Haba Yaya! Tsinuwa kuma? Innalillahi. Na karanta takardarka na yi ta kuka, na ga yadda na bar ka da rabin magana. Laifina ne, tsoro ya sa na yanke ta a inda bai kamata ba. Ga abin da ya faɗa, ba ƙari ba ragi.

Asabe tana soya albasa a kicin, ƙamshin ya shigo ta taga. Ina ce masa "La'ilaha illallah," ya buɗe ido ya ce, "Ƙasimu ya ci abinci?"

Shi ke nan. Da wannan ya tafi.

Bayan takardarka na gano wani abu. Tun ina yarinya na san kullum da azahar Asabe na zuba abinci a wani kwanon silba mai murfi ta kai falon Baffa, ta ajiye kusa da kujerarsa. Ba ya taɓa shi. In an yi la'asar sai ta ɗauka ta kai wa Idi maigadi. Ni duk zatona abincin Idi ne, ban taɓa tambayar me ya sa sai ya fara zama a falo ba. Har yanzu ba ta daina ba, hannunta ya saba. Shekaranjiya na tare ta a baranda na tambaye ta. Ta ce, "Au, ba ki sani ba? Ai kwanon Ƙasimu ne. Tun washegarin da ya tafi Alhaji ya ce a riƙa ajiyewa, ko zai shigo." Nan take na zauna a ƙasa.

Ka ce a gidan nan ba a tambaya. Ban ƙaryata ka ba, an yi maka haka. Amma ni wata biyu ke nan ina tambayoyin da ban taɓa yi ba, kuma a kan darduma nake yin su. Ina tambaya ko Allah zai dubi numfashi ɗaya ya bar shekara saba'in da huɗu. Ina tambaya ko tuna mai jin yunwa a bakin mutuwa ba ibada ba ce. Ba wanda ya hana ni, kuma ban ji na fita daga addinina ba. Abin da ya hana Baffa kiran ka ina jin ba Alƙur'ani ba ne, idon baƙin nan ne da ya kore ka a gabansu.

Duk da haka ina tsoro, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoro dominsa, ina tsoro domin kaina. Saura wata biyu Hajiya ta fita takaba, jiya har cewa ta yi in ta fita za ta sa a tara jikoki in ba su labarin yadda kakansu ya cika. Har yanzu ba ka amsa mini ba, likitan shanu. In faɗa mata ko in bar ta da abin da ke sanyaya mata rai?

Ƙanwarka,
Muhibba

Gembu
29 ga Satumba

Muhibba ƙanwata,

Gaisuwa gare ki da Hajiya da yara. Ina lafiya, ko da yake kwana uku ban fita aiki ba bayan takardarki. Na ce musu mura ce.

Kin ga, ƙarya ke nan na yi. Kada ki mai da ni waliyyin marasa salla. In na je ruga aka tashi salla, cewa nake yi na riga na yi. In aka yi rasuwa nakan shiga sahu don kada a nuna ni da yatsa. Tawa ƙaryar ta tsira da fata ce, taki ta tausayin uwa ce, ban ga ta inda na fi ki ba.

Kin tambaya ko wanda ya bar Allah yana jin zafin kowa. Akwai wata tsohuwa a nan da saniyarta ɗaya ta mutu a hannuna saboda na makara. Shekara shida ke nan, har yau in na hango ta a kasuwa sai gabana ya faɗi. Ba wuta nake tsoro ba. Abin da ke hana ki sakat kina kiran sa tsoron Allah, ni ma ina da irinsa, ban dai san sunansa ba. Na daɗe ina alfahari cewa wannan hujja ce mutum ba ya bukatar addini don ya zama na kirki. Amma in zan faɗi gaskiya, a ina na koyo shi? A gidan mutumin da ya mayar da rago. Ba zan iya rantse miki ba cewa da ban tashi a hannun mai salla ba, da na same shi. Ba zan kuma iya rantse miki cewa sallar ce ta sa shi haka ba. Tambayar da na yi masa ke nan, ga shi ya tafi da amsar.

Inda Baffa yake yanzu ban sani ba, kada ki nemi wannan a wurina, ki tambayi malamanki. Abin da zan iya ce miki game da Hajiya ne. Shekara nawa ta yi da mutumin nan? Maganarsa ta ƙarshe tata ce, ta fi ni haƙƙi a kanta, ta fi ki. Kullum da azahar kina ba ta wani mutum mai ɗaga yatsa yana murmushi, wanda ba mijinta ba ne. Da ni ne, zan faɗa mata. Sai dai ni ba ni zan zauna a gabanta ba, kuma zai yi mata ciwo sosai. In kin kasa, ba zan ga laifinki ba.

Batun kwano kuwa, na ɗauki biro sau da yawa na ajiye. Ki bar ni tukuna.

Yayanki,
Ƙasimu

Nassarawa GRA, Kano
15 ga Oktoba

Yaya Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai da lafiya. Ina fatan murar ƙarya ta sake ka.

Na faɗa mata. Ba don kai ka ce ba kawai. Ranar Alhamis ina azumi, na ɗaga hannu zan roƙa wa Baffa gafara, sai na ji kunya ta kama ni, da wane baki? Da ta idar da azahar ta ce, "Zauna, sake gaya mini." Daidai lokacin Asabe ta wuce ta ƙofa da kwanon. Na ce, "Hajiya, ki yafe mini, ƙarya nake yi miki." Na faɗa mata duka, har yatsan da murmushin.

Carbin hannunta ya tsaya. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta juya mini baya ta fuskanci bango. Kwana uku ba ta ce mini uffan ba, abincin da na kawo ma sai Asabe ta sake kawowa take ci. Yaya Nabil da ya ji ya yi ta faɗa, ya ce na tona wa mamaci asiri, ya ce kada maganar ta fita get. Har yau ba ya amsa gaisuwata.

Rana ta huɗu ta aiko a kira ni. Ta rame, Yaya. Ta ce, "Kin cuce ni, Muhibba. Wata uku ina yi wa Allah godiya a kan abin da bai faru ba, maimakon in dage da roƙa masa." Na ce haka ne. Ta ce, "Kalmar nan ya faɗe ta safe da yamma tun kafin a haife ki, Wanda yake faɗa wa ya ji. Ina kyautata zato. Amma hankalina ba zai koma inda yake ba." Kuma bai koma ba. Yanzu sujadarta ta fi da tsawo, in ta ɗago dardumar a jiƙe take. Na ƙwace mata wani abu da ba zan iya mayar mata ba, kullum ina ganin haka da idona.

Sai ta ce maganar ba baƙuwarta ba ce. Ta ce shekara goma sha tara, da wuya a yi sati bai ajiye cokali ya ce, "Ko yaron nan ya ci abinci?" ba. Sau ɗaya ta ce masa to ya aika a kira ka mana. Ya ce, "Ya yi mini tambayar da ban amsa ba." Ta ce to ya amsa. Ya ce, "In na ce zan karɓa, ashe ni ɓarawo ne da aka ɗaure. In na ce ba zan karɓa ba, ban san me zan ce wa baƙin nan ba." Daga nan bai ƙara yarda an tayar da zancen ba.

Ita ta sa ni rubuta wannan takarda. Ta ce, "Mutum ya tafi da tambaya a bakinsa, ba wanda ya amsa masa. Ki tambayo mini shi." Na ce, "Hajiya, kin san fa ba ya salla." Ta ce, "Na sani. Wannan faɗan zan yi masa shi in na gan shi, kuma ba zan daina ba sai ƙasa ta rufe mini ido. Ba shi na aike ki ba yanzu."

To ga saƙon Baffa ya iso gare ka, ta bakin Hajiya, da hannuna. Ka ci abinci?

Ƙanwarka,
Muhibba

Gembu
27 ga Oktoba

Muhibba,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Hajiya da kyau. Lafiyata ƙalau. Abin da kika yi ni ban taɓa yin irinsa ba.

Ki ce wa Hajiya ban ci ba. Ranar da na fita, da ƙafa na tafi Kaura Goje ɗakin wani abokina, ban iya sa komai a baki ba sai ranar Lahadi. Tun daga ranar kuma ban ƙara sa hannu a kwano ɗaya da kowa ba. Fulani sun yi tayi har sun gaji, suna ce mini mai ƙyanƙyami. Ni kaɗai nake ci, yawanci a tsaye.

Zan taso ranar Laraba, hanyar kwana biyu ce, in isa Juma'a da azahar in ruwa bai tare mu ba. Ki gaya mata yadda nake, ban zo da tuba ba, kada a yi mata ƙarya ta biyu. Faɗan da ta ce za ta yi, zan zauna a ƙasa in saurara. In Nabil ya yarda ya nuna mini kabarin, zan je. Ban san me zan ce a can ba.

Asabe ta ajiye kwanon inda ta saba. Sai dai ban jin zan iya zama ni kaɗai a falon nan kusa da kujerarsa. Ki roƙar mini Idi. Shekara goma sha tara yana cin rabona shi kaɗai a bakin get. Ki ce ya wanke hannu ya shigo mu ci tare.

Yayanki,
Ƙasimu